Ranar da Na-Baya Ya Gama Makaranta

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan tukuna. Ta yau ba ta namun daji ba ce, ta mutane ce masu cin tuwo kamar ku, kuma in na gama ba mai tashi sai kun raba mini gardama.

A gidan talabijin na wata jiha an taɓa yin wasan ban dariya na 'yan sakandare mai suna "Bencin Baya". Duk Asabar bayan la'asar filin ƙwallo kan watse saboda shi, masu suyar awara su bar mai yana ƙonewa. Tanimu yana ɗan saurayi ya shiga, aka ba shi fitowa a Na-Baya, daƙiƙin aji, wanda duk ƙarshen shekara sai ya faɗi jarrabawa, ya rungumi jakarsa ta buhu ya koma benci yana sosa ƙeya. Mutane suka yi ta dariya, shi ma a lokacin daɗi yake ji.

To amma shekaru ba su tsaya jiran kowa ba. 'Yan ajin suka fara gemu, 'yan matan suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, aka riƙa sako sababbin fuskoki da sunayen tsofaffi. Dabara ta ƙare wa marubucin wasan: yau akuya ta shiga aji, wani mako akuyar dai ce ta dawo. Daga baya ma ya tattara ya bar garin. Yara suka koma kan waya, masu talla suka janye, aka bar wa tsofaffin mata kallo. Shi kuwa Tanimu ga shi gandameme da gajeren wando, yana faɗuwa jarrabawar da ko dariya ta daina ba mutane. Ya gaji har cikin ƙashinsa.

Ana cikin haka ya ga Zulai, ɗalibar aikin jinya, suka daidaita. Iyayenta suka ce ba su da ta cewa sai abin da kakarta Iya Kande ta yanke, don ita ta goye ta tun rasuwar mahaifiyarta. Tanimu ya shirya ya tafi ƙauye gaishe ta. Tun daga bakin kasuwa yara suka bi shi suna "Na-Baya, bana ma an faɗi?" Tsohuwa ta bar shi ya gama gaisuwa tsaf, sannan ta ce, "Na san wasa ne, yaro, ban ruɗe ba. Amma garin nan ba su san ka da wani suna ba, ni kuwa ba zan bari a riƙa kiran jikata matar daƙiƙi ba. A akwatin nan suka ga ka faɗi, a cikinsa za su ga ka ci."

Ya dawo da murnar abin mai sauƙi ne, sai ya tarar da labarin an soke shirin. Ba sallama, ba fitowar ƙarshe, za a dai wayi gari an sa wani abu a gurbinsa. Nan take ya gane in aka rufe a haka, Na-Baya ya zauna a bencin nan ke nan har abada, Zulai kuma ta kuɓuce masa. Ya kai kukansa ga abokansa uku da suka tashi tare a wasan.

Lurwanu, wanda a da yake fitowa a shugaban ɗalibai, ya zama ma'aikacin gidan talabijin ɗin, kuma an riga an yi masa alkawarin kujerar karanta labarai, abin da yake mafarki tun yana yaro. Ya yi ta sintiri ofishin manaja har mutumin ya gaji da ganinsa. A ƙarshe manaja ya ce zai ba da Asabar ɗaya, amma sai in Lurwanu zai karɓi shirin noma da kowa ke gudu, ya bar wa wani labarai. Lurwanu ya ce ya karɓa. Har yau yana can cikin gonaki yana hira da mutane kan tsutsar masara, kwat ɗin da ya ɗinka don labarai tana rataye a ɗaki.

Sai dai an sami fili babu abin sawa a ciki. Nan Haladu ya shigo. Shi ne abokin zaman Na-Baya a benci, sarkin tsokana da ake kira Tsinke, amma ya daɗe da barin wasa, ya zama malami mai kwarjini a wata makarantar Islamiyya, ba ya ko son a tuna masa. Shi ya zauna ya tsara fitowar ƙarshe, ya bi tsofaffin 'yan wasa gida gida, ya roƙi mazajen waɗanda suka yi aure. Da aka ce ba a yi ba tare da Tsinke ba, ya yi istigifari ya cusa tumbinsa cikin rigar makarantar da maɓallanta suka ƙi haɗuwa. Ɗalibansa duk sun gani. Tun daga ranar, in ya juya zai yi rubutu a allo sai ya ji wani ya ce "Tsinke" ƙasa-ƙasa, kwarjinin nan bai sake dawowa daidai ba.

Na ukunsu Sallau ne, mai kaɗa ƙararrawa a wasan, wanda a duk shekarun nan ba a taɓa ba shi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Bayan an ɗauki shirin, ranar da za a nuna, shi ya ɗaura talabijin da janareto a babur ya kai ƙofar gidan Iya Kande, gari ya taru. Saura kaɗan a fara, iskar hadari ta taso ta karya gorar eriya, hoto ya ɗauke. Sallau kuwa tun da ya faɗo daga mangwaro yana yaro ko tsani ba ya hawa. Ya dubi fuskar Tanimu, ya tuɓe takalmi, ya haye darbejiya da eriya a hannu. Ana yi masa ihu daga ƙasa ya juya dama, ya juya hagu, har aka ce ya yi, kada ya motsa. Bai motsa ba, ga yayyafi ga cinnaku. Duk ƙauyen suka ga ƙarshen "Bencin Baya" ban da shi.

Tanimu yana durƙushe gefen tabarmar tsohuwa, bai iya kallon akwatin ba, fuskarta yake kallo. A cikin wasan, shugaban makaranta ya karanto sunayen waɗanda suka ci, ya tsaya, ya goge tabarau, ya sake dubawa, sannan ya kira Na-Baya. Tsinke ya zube sumamme, aka kaɗa ƙararrawa, Na-Baya ya ɗora bencin a ka ya fice daga aji. Wurin ya kaure da guɗa da dariya irin ta da. Iya Kande ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Tanimu, ka ce wa manyanka su zo." Karo na farko ke nan da wani ya kira shi da sunansa a garin. Ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka, ya yi ta ajiyar zuciya kamar wanda ya sha gudu.

An sa rana, an raba goro, wasa ya mutu mutuwar mutunci. Abu ɗaya ya rage. Ango babban aboki ɗaya yake yi, wanda zai zauna a damansa, ya yi magana da yawunsa ranar sayen baki. Su ukun ba wanda ya buɗe baki ya nema, kuma wannan ne ya fi damun Tanimu. Ba don Lurwanu ba da babu Asabar ɗin, ba don Haladu ba da babu abin nunawa, ba don Sallau ba da tsohuwa ba ta gani ba.

To, ga ta a hannunku: mai barin kujerarsa, ko mai zubar da kwarjininsa, ko mai hawa bishiyar da yake tsoro, wane ne zai zauna a damar ango?