Gujiya Goma a Ƙoƙon Ɗantsoho

Akwai wani mutum a Gagarawa, wajen shekarar 1954, wanda in ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinka sai gabanka ya faɗi. Ba boka ba ne. Magini ne, sunansa Ɗantsoho, kuma wuyansa ne ya saba.

Ana gab da damina, Malam Abdulrauf, mai makarantar allo a Sule Tankarkar, ya kira shi ya sabunta yaɓen soron mahaifiyarsa, Inna Fatsuma. Marigayi mijinta ne ya gina soron da hannunsa, har ƙyauren shi ya sassaƙa. Shekara talatin tana ciki.

Ɗantsoho ya ƙwanƙwasa azarar rufin, ya saurara. Ya bi wata tsaga da yatsa, ya murza garin da gara ta zubo. Sai ya ce shi ba yaɓe ya gani ba, ƙaura ya gani.

Malam ya tambaye shi ko ya tabbata soron zai faɗi. Ya ce a'a, bai tabbata ba. Malam ya yi murmushi, ya ce to ai magana ta ƙare, ɗakin da ya yi damina talatin ba zai ji tsoron ta talatin da ɗaya ba.

Ɗantsoho ya nemi a ara masa ƙoƙo da gujiya. Ya zuba farare bakwai, baƙaƙe uku. Ya ce a iya tunawarsa soraye goma ya gani da irin wannan tsaga da irin wannan gara. Bakwai sun ƙetare damina, uku sun rushe.

Malam ya ce ai bakwai ta fi uku, ko a wajen wanda bai yi karatu ba.

Ɗantsoho ya ce gaskiya ne, ya roƙe shi ya rufe ido ya ɗauko ɗaya. Fara ta fito. Aka mayar, ya sake, fara ta sake fitowa. Malam har ya fara jin daɗin wasan.

Sai Ɗantsoho ya girgiza ƙoƙon ya miƙa masa. “Allah gafarta Malam, waɗancan naka ne. Yanzu ɗauko wa Inna.”

Hannun Malam ya kai bakin ƙoƙon ya tsaya. Ya daɗe a nan. Bai ɗauko ba.

Shawo kan Inna ya fi wannan wuya. Ta ce ita da ɗakin tare suka tsufa, kuma ba ta ga wanda ya ce a fitar da ita daga jikinta don ya tsage ba. Malam ya durƙusa gabanta kamar yadda ya saba tun yana yaro.

“Inna, Baba ya gina shi ne don ya tsare ki. Ya yi aikinsa. Ki bar ni in karɓe shi.”

Sai ta ce a ciro mata ƙyauren. Ɗantsoho ya kafa shi a sabon ɗakin jinka da aka yi mata, ya saita shi har ya riƙa yin kukan da ya saba yi.

Damina ta zo ta wuce, soro na tsaye. Haladu maƙwabci ya samu abin yi. Duk inda ya ga Ɗantsoho sai ya tambaye shi lafiyar gujiya. Shi kuwa sai ya amsa cewa fara ce ta fito, alhamdulillahi, haka yake so.

A damina ta biyu, cikin marka, bayan la'asar, rufin soron ya sauko gaba ɗaya. Inna na ƙofar sabon ɗakinta tana tsince wake. Ta dubi wurin, ta yi wa mijinta addu'a, ta sa aka kai wa Ɗantsoho fura.

Rai ɗaya aka rasa, kaza ce. Ta Haladu.

Darasi: “Bai taɓa faɗuwa ba” labarin jiya ne, ba alkawarin gobe ba. In mai sani ya ce maka wataƙila, kada ka tsaya kan sau nawa ake tsira, tambayi wa ke kwana a ƙarƙashin. Ku tura wa ’yan'uwa, musamman wanda ya san tsagar ɗakinsa har ya rataya kalanda a kanta.