Wasoso a Gidan Yayan Fafaroma

An yi wani mutum a birnin nan namu na Rum, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, bakina ya fi ƙarfin wannan ƙazanta. Ɗan babban gida ne, yana da hasumiya a bakin gada, da dakaru, da girman kai wanda ya fi hasumiyar tsawo.

Da Fafaroma ya rasu, mutane na kuka, shi kuwa yana lissafi. Yana da ƙane limami, Landolfo, wanda ba ya iya kai addu'ar safe ƙarshe sai ya yi gyatsar giyar jiya. Wai wannan ne zai hau kujerar Bitrus, ya zama Fafaroma! Tir.

Sai ya je wajen jakadan sarkin Jamus, ya yi alkawarin buɗe wa sojojinsu gada in an naɗa ƙanensa. Jakadan ya shafa gemu, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Kun san su. Abin da ya faɗa wa gidaje uku ke nan a wannan makon.

Aka kulle manyan limamai masu zaɓe a gidan sufaye, burodi da ruwa kawai ake miƙa musu. Shiru, shiru, ba su fito ba. Mutumin nan ya ƙosa, sai shaiɗan ya kawo masa dabara.

Kun san al'adarmu, ba sai na koya muku ba: duk wanda aka zaɓa, jama'a su yi wasoson gidansu, tunda ya sami wanda ya fi shi. Sai ya ce a ransa, in gari ya riga ya washe gidanmu yana kiran sunan Landolfo, wane tsoho ne cikin masu zaɓen zai iya fitowa ya ce ba shi ba ne?

Da rana tsaka ya hau baranda ya daka ihu: "An zaɓi ƙanena! Ku shigo ku ɗiba!"

Matarsa Aldruda ta riƙo rigarsa. "Maigida, daga bakin masu zaɓen ka ji?"

"Sake ni, ke! Bakinsu a hannuna yake. Gobe a fada za ki kwana."

Da hannunsa ya zare sakata. Aka kwashe gadaje, da gangunan giya, da dawaki. Aka kwashe takubba da sulke. Aka ɓalle ƙofofi, har kwanon rufi bai tsira ba. Shi kuwa yana tsaye yana dariya, yana cewa, "Ku ƙara, 'ya'yana, akwai a sama!" Kun taɓa ganin wawa irin wannan?

Hayaniyar ta kai kunnen limamai. Tsofaffin da suka kasa haɗa baki, ranar suka haɗa, don takaici. Kafin la'asar suka zaɓi wani sufi mai facin riga, wanda ba na gidan kowa ba. Wa kuke tsammani ya fara durƙusawa ya sumbaci ƙafarsa? Jakadan Jamus!

Mutumin nan ya fita kwararo-kwararo yana cewa a mayar masa da kayansa. Wani mahauci, sanye da sulkensa, ya ce, "Haba, yayan Fafaroma, ba kai ka ce mu ƙara ba?" Dakarunsa suka watse, wa zai tsaya gadin gidan da ba ƙofa? Abokan gabarsa na tsallaken kogi suka shigo hasumiyar suna tafe suna hira, ko takobi ba su zare ba. Aldruda ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan ubanta. Landolfo kuwa ya rantse a gaban sabon Fafaroma cewa shi bai san komai ba, yayansa dama taɓaɓɓe ne.

A ƙarƙashin gadar nan ya mutu, ya 'yan uwa, gadar da ya so ya sayar. Da aka zo ɗaukarsa, ko mayafin rufe shi ba a samu ba.

Kujerar Allah ba gadon uban kowa ba ce. Wanda ya kira baƙi da takobi don ya zaunar da ɗan uwansa a kanta, da hannunsa zai rushe gidansa. Kuma kada ku yi ta gyaɗa kai kamar salihai. Kai da ke can baya kana sunkuyar da kai, na san gadon da kake kwana a kai, na san daga inda ya fito.

Allah ya kiyaye mu da kwaɗayin abin da yake nasa, ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe. Amin.