Sabon Gidan Baba Cindo

Ku matso kusa, wannan labarin sai da ku za a ƙarasa shi.

A ƙauyen Ƙwarin Marke an yi wani tsoho makaho, Baba Cindo. Idonsa ya daɗe da tafiya, amma a gidansa ba mai yi masa jagora. Ƙafarsa ta san hanyar randa, ta san ta bayan gida, kuma da wannan yake alfahari. Sai dai kogi na cin gaɓa duk damina, har ya kusa katangarsa. In aka yi masa zancen ƙaura sai ya ce, "A nan aka haife ni, a nan za a ɗauki gawata." Tsohon akwai taurin kai, Allah ya sani.

Babban ɗansa Tanimu bai yi musu da shi ba. Ya sayar da shanun nomansa, ya gina masa gidan siminti a kan tudu, shi kuwa ya koma noma da fartanya. Duk da haka tsohon ya ƙi barin tsohon gidansa.

Wata Juma'a, maza na masallaci, ruwa ya ɓalle. Ɗansa na biyu, Haladu, ya faɗa ciki ya iske uban zaune a kan gado, ya ƙi motsi. Ya saɓa shi a baya. Tsohon na dukansa da sanda yana cewa, "Sauke ni, ko in yi maka baki!" Haladu ya ji tsoron maganar nan ƙwarai, amma bai sauke shi ba. Suna fita ɗakin ya rufta.

A sabon gida kuwa Baba Cindo ya zama baƙo. Ya nufi ƙofa ya ci karo da bango. Bayan gida ma sai jika ya riƙe masa hannu. Kunya ta ishe shi, sai ya daina ci da sha don kada a kai shi. Ya rame, ana ta neman magani, ba wanda ya gane ciwon.

Autansu Ɗanliti ne ya gane. Ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ya riƙa tuno tsohon gidansu yana lalube. Ya toshe ƙofa ya fasa wata, ya mayar da randa hannun dama, ya haƙa sabon masai a inda ƙafar uban za ta nema. Tsohon ya miƙe, ya je shi kaɗai, ya dawo ya ce a dama masa fura.

Da ya sami ƙarfi ya tara 'ya'yansa uku. Ya ce, "Ba ni da abin ba ku. Amma ranar da za a sa ni a kabari, wanda ya ceci raina shi zai riƙe kaina." Bai kama suna ba, har Allah ya karɓi abinsa.

To, ga gawa a bakin kabari, ga 'ya'ya uku tsaye. Wane ne a cikinsu zai riƙe kan?