Wasiyyar Tunkiya a Hannun Ungulu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Ciwon ajali ne ya kama Tunkiya, ga 'ya'ya biyu ƙanana, ga rumbun harawa. Wa za ta bar wa wasiyya?

Kare ya ce, "Yaya, bar mini, zan kula da su."

Ta ce, "Kai da ko gaisuwar mijina ba ka zo ba? Ungulu zan ba. Ba ta cin harawa, kuma duk rasuwar da aka yi ita ke riga kowa zuwa."

Da aka binne Tunkiya, Ungulu ta liƙe rumbu, ta hau kai ta zauna.

Marayu suka ce, "Inna, yunwa!"

Ta ce, "Haba 'ya'yana, ai ba a raba gado sai an yi sadakar arba'in."

Ga rani, ko tsinke babu a ƙasa. Suna kuka, tana leƙo su.

Ranar arba'in ta tara gari, ta buɗe rumbu. Ko ganye ɗaya bai yi ciwon kai ba. Magadan ne babu. Ungulu kuwa ta yi ƙiba, da ƙyar take tashi.

Ƙurunƙus, kan kusu, ta ƙare nan!