Gudun Ilu Mai Awo

An yi wani mutum a wani gari, ana ce masa Ilu mai awo, ya fara koyon gudu yana da shekara hamsin da biyu. Ku saurara. Na ga wasu har sun fara murmushi. Ku adana shi tukuna.

Shekara talatin wannan bawan Allah yana zaune a rumfa ɗaya cikin kasuwar hatsi. Mudunsa bai taɓa lotsawa a gindi ba. In ya auna sai ya cika ya yi tozo, ya ƙara gyara. Makaho ma zai iya sayen gero a wurinsa ya tafi hankali kwance. Amma zama ya ci shi. Ɗumame da safe, fura da rana, tsire da la'asar, kuma daga rumfa sai gida. Teɓa ta fito, wuya ya ɓace. In ya yi ruku'u, na sahu na uku yana jin numfashinsa.

Ana nan sai yayansa ya rasu. Kun san yadda muke da gawa, ba a jan ƙafa. Aka sallace shi a ƙofar gida, aka ɗaga makara, aka kama hanya da sauri, wannan ya karɓa, wancan ya saki. Maƙabartar kuwa tana can bayan gari. Ilu ya sa kafaɗa. Taku ashirin, ƙirji ya ɗaure. Ya saki, ya koma baya, har bayan ma ya fi ƙarfinsa. Ya zauna gindin wata tsamiya a rabin hanya yana haki. Ko da ya ja jiki ya isa, an mayar da ƙasa, ana shafa fatiha.

Uwarsu tana da rai, tsohuwa ce, idonta ya tafi. Da aka dawo ya shiga ya durƙusa gabanta. Ta ce, "Ilu, kai ka shiga ramin ka karɓe shi?" Ba ta kama sunan ba, ɗan fari ne.

Matan da ke ɗakin suka yi ta yi masa ido, wato ka ce e, tsohuwa ba gani take ba. Ilu ya sunkuyar da kai.

"Inna, ban kai ba. Numfashi ya yanke mini a hanya."

Ta ce, "To. Kai kaɗai ka rage mini. Ran da tawa ta zo, 'ya'yan wasu ne za su kai ni?"

"Ni zan kai ki, Inna, in Allah ya sa ina raye. Da kafaɗata, har bakin rami."

"Da wannan hakin? Tun daga zaure nake jin sa."

Ya tashi ya fita. Amma ya riga ya yi alkawari, kuma shi mutum ne da ba ya tauye mudu.

Bayan sadakar bakwai, aka idar da sallar asuba, gari ya fara haske. Ilu ya fito daga masallaci da babbar rigarsa da silifa, ya tattare riga, ya zuba a guje. Ba wanda ya yi shawara da shi. To ku kun san mu. Babba ba ya gudu a banza. In ka ga dattijo ya kwasa a guje, ba ka tsayawa tambaya. Ladan ya bi shi. Mai shayi ya bar tukunya a wuta ya bi. Mata suka janye yara cikin gida suka sa sakata. Wani na cewa gobara, wani na cewa mahaukacin kare. Mutum kusan talatin suka rufa masa baya, wasu har suka wuce shi.

Bai yi nisa ba silifa ta tsinke, ya kife, gwiwa ta fashe. Aka kewaye shi.

"Malam Ilu, lafiya? Me ya biyo ka?"

Da ƙyar ya samu numfashi. Ya ce, "Babu komai. Koyo nake."

Mai shayi ya ce, "Koyo? Madarata na can na ƙonewa, kai kana koyo?"

Ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, yana zaune a ƙasa.

A cikinsu akwai wani tsohon soja, Kofur Nomau, mai gadin asibitin garin. Shi bai yi dariya ba. Da aka watse ya tsuguna ya duba gwiwar.

Ya ce, "Malam Ilu, buhun da aka tara a shekara talatin ba a juye shi rana ɗaya. In ka sake yin irin na yau, kai za mu ɗauka kafin tsohuwa. Ka fara zuwa likita ya auna jininka. In ya ce to, ka zo."

Likita ya ce to, amma a hankali. Kofur ya kai shi hanyar maƙabarta, inda aka jera itatuwan darbejiya gefe da gefe. Ya sa shi ya sayi takalmin kambas, ya ajiye babbar riga ya sa 'yar shara. Mako biyu tafiya kawai. Sannan ya ce, "Daga wannan bishiya zuwa waccan, sassarfa. Bishiya uku, tafiya. Haka har sau takwas, ka koma gida. Yau ka yi, gobe ka huta. Kuma ga ma'auninka, tunda kai mai awo ne: in aka gaishe ka kana gudu ka kasa amsawa, ka yi sauri da yawa. Rage."

Haka ya yi. Bishiya ɗaya, tafiya uku. Bishiya ɗaya, tafiya uku. Cinyoyi suka yi tsami, har zaman tahiya ya zama aiki. Bai fasa ba. Bayan wata guda ya koma bishiya biyu, tafiya biyu.

Gari kuwa ya samu abin yi. Masu zama a kan benci suka riƙa jiran sa.

"Ga jirgin ƙasa nan ya taso!"

"Malam Ilu, yi sauri, teɓar ta riga ka isa!"

Shi kuwa sai ya ce, "Ina kwananku? Ina gajiya?" Ya wuce. Kofur ya ce ya gwada numfashinsa da gaisuwa, to ga masu tsokana Allah ya ba shi kyauta. Ko sau ɗaya bai mayar da baƙa ba. Kai mai latsa waya a can baya, ajiye ta. Kai ko kallon banza aka yi maka sai an riƙe ka.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, surukanmu fa a kan hanyar nan suke. Da furfurarka kana wucewa ta ƙofarsu kana tsalle?"

Ya ce, "Na fi jin kunyar zama gindin tsamiya."

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku. Da ya tashi ya koma hanya, sai ya tarar jikin ya mayar da shi kusan inda ya faro. A nan ya gane abin ba a ajiye shi a dawo a same shi. Ya sake farawa daga bishiya ɗaya, bai yi ƙorafi ba. Kafin kaka yana kaiwa tsamiyar nan ba tsayawa. Rabin hanya ke nan. Saura rabi.

A wannan kakar Sarkin Awo na garin ya tsufa ya ce a sauke masa nauyi. Aka zauna aka duba, ba a samu mai tsabtar mudu kamar Ilu ba. Sarkin Kasuwa, Alhaji Arzika, ya ɗauki dattawa biyu suka same shi a rumfarsa bayan la'asar. Aka gaisa, aka raba goro.

Alhaji Arzika ya ce, "Malam Ilu, alheri ya kawo mu. Rawanin Sarkin Awo naka ne. Kakanka ya riƙe shi, kowa ya sani. Sai dai abu ɗaya. Rawani ba ya sassarfa. Ba za a ce Sarkin Awo ne yara ke yi wa waƙa a hanya ba. Ka bar gudun nan."

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, in na riƙa zagayawa ta bayan gonaki, inda ba kowa?"

"Gari ba shi da baya, Malam Ilu. Manomi ɗaya ya gan ka, kasuwa ta ji."

"To a ba ni shekara ɗaya."

"Ranar Juma'a za a yi naɗi."

Kada ku ce ba ya so. Yana so. Tun yana yaro yake jin ana kiran gidansu gidan Sarkin Awo, alhali rawanin ya bar gidan. Ya dubi mudunsa.

Kafin in gaya muku amsarsa, ku ji abin da ya sa na kawo labarin. Jikin nan amana ne, ba naka ba ne. Da shi za ka yi sujada, da shi za ka ɗauki iyayenka, da shi za ka nemo wa iyalinka. Wanda ya bar shi ya lalace saboda kada a yi masa dariya, girman kai ne ya yi masa rawani, ba mutunci ba. Ina ganin ku. Daga gida zuwa masallacin nan taku ɗari ne, amma sai kun hau babur. In an ɗaga makara, sai ku shige mota ku bar wa matasa. Likita ya ce ku motsa, kun ce ku manya ne. Manyan ina? Babba shi ne wanda in ya ce zai yi, zai yi, ko gari duka ya taru a benci yana tafi. Ba na ce gobe ku kwasa a guje ku tayar da unguwa ba. Bishiya ɗaya. Wanda ya raina bishiya ɗaya ba zai ga ta biyu ba. Kuma kada wanda ya tambaye ni tsakanin Ilu da tsohuwa wa ya riga wani. Wannan na Allah ne. Shi dai an tambaye shi abin da ke hannunsa.

Alhaji Arzika ya gyara zama ya ce, "Muna sauraronka. Gudu ne fa kawai, Malam Ilu. Me za ka rasa?"

Ilu ya kife mudunsa a kan buhu, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, na gode. Ku naɗa wani. Ba zan bari ba."