Murhun Da Haladu Ya Hana Aro

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, ana ce masa Haladu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, yanzu sai wani ya ce ai kakarsa 'yar can ce, a bar wa'azi a koma ƙirgen dangi. Ku dai saurara.

Haladu dalma yake narkawa. Yana bin masu gyaran mota ya sayi matattun batura, ya fasa su, ya ciro dalmar ya narka a kaskon ƙarfe, ya zuba ta 'yan ƙanana, masunta su saya su ɗaura a bakin ragar kamun kifi, birgi da taru, don su riƙa nitsewa. Sana'arsa ke nan, ba ta yi masa arziki ba, ba ta kuma bar shi da yunwa ba.

Abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne bai iya cewa a'a ba. Kekensa na kowa ne, gatarinsa na kowa ne, tabarmar baƙinsa ta fi sanin gidajen maƙwabta da nasa. A ari kekensa da hantsi, da la'asar sai ka gan shi a ƙofar gidan wanda ya ara yana sosa ƙeya, wai ko za a taimaka masa da shi ya je bakin kogi ya dawo. Kekensa fa! Su kuwa mutanen unguwa ko kunya, har yabonsa suke yi, suna cewa Haladu mutumin kirki ne. Ai dole ku ce haka, tun da kun samu wanda kuke tatsa.

To, akwai wani abu da ya gani tun yana koyon aiki wanda bai taɓa barin zuciyarsa ba. Maigidansa da ya koya masa sana'ar a tsakar gida yake narka dalma, inda mata ke girki, yara ke rarrafe. 'Ya'yan maigidan biyu suka kamu da jijjiga. Ɗaya ta rasu, ɗayan ya girma amma hankalinsa bai girma tare da shi ba. Aka yi ta cewa iska ce, aka yi ta turare, sai daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta ce musu hayaƙin dalma ne da ƙurarta, suna shiga jikin yaro a hankali ba a gani. Shi ya sa da Haladu ya tsaya da ƙafarsa ya kafa rumfarsa can bayan gari, nesa da gidaje, kuma ba ya shiga gida sai ya yi wanka ya sake tufafi.

Ana nan gawayi ya yi wuya, ga zugazuginsa ya tsufa, ga kafaɗa ta fara ciwo. Lokacin ne murhun gas ya fara shigowa kasuwannin yankin, ya ce bari shi ma ya saya ya huta. Maganar ta kai kunnen yayarsa Tasalla. Ita ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa aure, kuma duk duniya ba wanda yake jin nauyi kamarta. 'Yarta ta fari na da tsohon ciki, jikan farko na tafe, Tasalla kuwa ta riga ta gama girkin suna a cikin ranta. Ta yafa mayafi ta ce za ta raka shi kasuwa.

Mai shagon, wani Alhaji Mamuda, ya fito musu da murhu iri biyu. Na farko mai faɗi ne, mai kyau, an shafe shi da shuɗin fenti, wutarsa na zagayawa kamar zobe, irin wanda ake ɗora babbar tukunyar taro, ga hannuwa biyu na ɗauka. Na biyu baƙi ne, gajere, mummuna, baki ɗaya gare shi, idan an kunna sai ya yi ta gurnani, harshen wutar ya miƙe tsaye wuri guda.

Haladu ya ce, "Alhaji, dalma zan narka. Wanne zai yi?"

Alhaji Mamuda ya ce, "Malam, dukansu za su narka maka ita. Wannan baƙin ya fi sauri, amma ba ya girki, tsakiyar tukunya zai ƙone gefe yana ɗanye. Shuɗin nan kuwa ka yi aikinka da shi, ranar biki a kai gida. Ni da ni ne ba sai na yi tunani ba."

Tasalla ta riga ta dafa shuɗin tana shafawa. Ta ce, "Ai magana ta ƙare. A ɗaure mana wannan."

Haladu ya tsaya yana kallon hannuwan ɗaukar nan guda biyu. Ya san aikinsa: dalma na fantsama, tana ɗiga a kan murhu ta daskare a lungunan da ba wankin da ke kaiwa, ƙurar batir na kwanciya a jikinsa. Ya kuma san kansa. Ya san in dai abu yana ɗaukuwa, ranar da Yaya ta aiko ba zai iya buɗe baki ya hana ba, kuma daga gidanta sai gidan maƙwabciya, daga nan sai duk sunan da za a yi a unguwar.

Ya ce, "Alhaji, ba ni baƙin."

Tasalla ta juyo. "Me ka ce?"

"Baƙin zan ɗauka, Yaya."

"Wanda ba ya girki?"

"Shi."

"Haladu, da gangan kake yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da gangan ne, Yaya. Abin da ya taɓa dalma ba ya shiga wurin abinci."

Ta ja tsaki ta yi gaba, har gida ba ta waiwaye shi ba. Shi kuwa bai tsaya nan ba. Ya kai murhun wurin mai walda aka yi masa ƙafafu masu kauri da za su ɗauki nauyin kasko cike da dalma, aka kewaye shi da langalanga saboda iskar kogi, sannan ya kwaɓa siminti ya dasa ƙafafun a ƙasan rumfarsa. Ya yi haka ne don ko bakinsa ya gaza, siminti ya hana.

Kuna tsammanin an bar shi? Ba ku san mutane ba ke nan. Allah ya sauke 'yar Tasalla lafiya, aka samu ɗa namiji. Ana gobe suna, da rana tsaka, Haladu na tsaye a kan kasko yana kwashe dattin da ke tasowa, sai ga Tasalla da mata uku na unguwa, ɗaya na tura baro, ɗaya riƙe da diga. Digar ma tasa ce, aronta aka yi.

Ya kashe wuta da sauri ya fito ya tare su a bakin rumfa, ya ce su ja baya daga hayaƙin.

Tasalla ta ce, "Mun yi shawara. Murhun nan naka ko ba ya tuwo zai tafasa ruwa, zai dafa nama. Itace ya jiƙe, damina ce. Matsa mu tono shi, jibi a dawo maka da abinka."

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba zai yiwu ba."

Wata daga cikin matan, ana ce mata Lantana, ta ce, "Haba Malam Haladu, ai wuta ce. Me ya rage a jikin abin da wuta ke ci kullum? Wuta na tsarkake komai. Mu kuma za mu dirje shi da toka."

Kun ji ko? Wuta na tsarkake komai! Da wannan maganar aka cuci yara da yawa, kuma har gobe akwai mai faɗarta, wataƙila ma yana zaune a nan. Haladu ya yi musu bayani, ya ce wutar ce ma ke tayar da gubar ta shiga iska. Ya tuna wa Tasalla 'ya'yan maigidansa, don ta san su. Ta ce wannan ƙaddararsu ce, kada ya yi wa jikanta mugun baki.

Sannan ta faɗi maganar da ta fi yi masa ciwo. Ta ce, "Ni na goye ka, Haladu. Bayana ya san nauyinka. Kowa a garin nan ka ba shi aro, har wanda ba ya gaishe ka. Yau ni ce na zo da ƙafata, a gaban mutane, ka hana ni? In ka bari na juya da baron nan ba komai, kada ka sake kira na yayarka."

Jama'a, mutumin nan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Idonsa ya kawo ruwa, bakinsa har ya buɗe zai ce to. Amma bai ce ba. Ya tsaya a ƙofar rumfar ya ce, "Yaya, ki yafe ni. Ba zan bayar ba."

Suka juya da baro ba komai. Kafin la'asar labari ya gama unguwa: Haladu ya sayi murhun gas ya zama marowaci, har siminti ya sa don kada a ara. Waɗanda kekensa ke jingine a zaurensu su ne kan gaba wajen faɗa.

Shi kuwa ya rufe rumfa, ya bi gidajen masu gashin kifi yana roƙon busasshen itace, ya yi ta ɗaukowa a ka yana jibgewa a bayan gidan Tasalla. Ya kafa duwatsun murhu, ya yi musu rumfar buhu saboda ruwan sama. Da wannan itacen aka dafa abincin suna. Ba wadda ta ce masa sannu. Ranar suna ya zo ya zauna a bakin tabarma, aka raɗa wa yaro suna, aka fito da abinci aka tsallake shi, ya yi addu'a ya tashi.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce wani ya saci murhun ya yi girki yara suka faɗi, sai gari ya zo yana ba Haladu haƙuri. Ba haka aka yi ba. Ba abin da ya faru. Yara suka ci suka ƙoshi suka tafi wasa, jariri ya yi ƙiba ya yi wayo, kuma ba wanda ya san abin da aka kare shi daga gare shi. Tun da ba wanda ya kwanta ciwo, sai kowa ya ce ka gani, da ma rowa ce.

Tasalla ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Yana zuwa kullum ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta kau da kai. Sai da yaron ya fara tafiya, wata rana Haladu ya zo gaisuwa, yaron ya tako ya kama gwiwarsa. Tasalla ta daɗe tana kallonsu, sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Shi ke nan, Haladu. Zumunci ya fi murhu. Na yafe maka rowar da ka yi mini."

Ita ce fa ta yafe masa! Ni da nake ba ku labarin ma raina ɓaci yake yi. Shi kuwa bawan Allah bai ce ai don yaron nan na yi ba, bai ce ai ni ke da gaskiya ba. Ya ɗauki yaron ya ɗora a cinya, lafiyayye, idonsa tar, ya ce, "Na gode, Yaya. Allah ya bar zumunci."

To ku ji abin da nake so ku tafi da shi. Ba duk bayarwa ce alheri ba, ba duk hanawa ce rowa ba. Da yawanmu muna bayarwa ne don tsoron bakin mutane, sai mu sa wa tsoron suna kirki. Kai mai babur da ka san birkinka ya lalace ka ba ɗan maƙwabcinka don kada a ce ka hana, ke da kika juye man gyaɗa a jarkar maganin feshi kika aika wa ƙanwarki don ta roƙa, ba alheri kuka yi ba, kanku kuka fitar kuka bar su da cuta. In abin da ke hannunka zai cutar da ɗan'uwanka, ka hana shi ko zai yi fushi, ka nemo masa wanda ba zai cutar ba, kuma kada ka zauna jiran godiya, don mai yiwuwa ba za ta zo ba har ka mutu. Allah ya gani, wannan ya isa. Ku kuma masu aro, in an ce muku a'a, ku tsaya ku ji dalili kafin ku zaga unguwa da sunan mutum. Allah ya ba mu ikon hanawa inda hanawa ce alheri, ya yafe mana waɗanda muka kira marowata alhali rayukanmu suke tsarewa.