Ƙarar da Ta Kori Mai Walda

Akwai wani dattijo a wani layi, ba zan faɗi layin ba don har yau muna gaisawa da shi. Mai Eriya ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana hawa falwaya a ma'aikatar tarho, da ya yi ritaya sai ya wayi gari ya ce shi injiniya ne. Ba wanda ya musa masa, don duk wanda ya musa sai ya sha bayanin awa biyu a tsaye.

Rediyonsa ba irin namu na jin labarai ba ne. Wannan kai ma magana kake yi, wani can a wata uwa duniya ya amsa maka. Baƙin akwati ne mai allura tana rawa, da makirufo mai maɓalli a gefe. Ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Har jarrabawa ya zauna aka ba shi lasisi da lambar kira, ya sa takardar a firam ya rataye ta sama da hoton aurensa.

Eriyar kuwa, dogon bututun ƙarfe ya kafa a kan rufi, ya ja waya mita goma ta nan, mita goma ta can. Ɗaya ya ɗaure a bishiya, ɗaya a ƙarfen tankin ruwa. Sau ɗaya matarsa ta taɓa shanya zani a kai. Kwana uku yana amsa mata gaisuwa da hanci.

Kullum ƙarfe goma na safe suke haɗuwa a iska, tsofaffi wajen goma sha biyu, kowa daga garinsa. Shi ne mai kiran lamba ɗaya bayan ɗaya. Hirar ba ta wuce eriya, da ruwan sama, da ciwon gwiwa. Amma a wurinsa wannan awa ɗayar ita ce duniya.

To, a sati guda abu biyu suka faru.

Na farko, ya sa sola a gidansa. Ya ce ba zai kira masu haɗawa ba, yara ne, shi ya girmi wutar lantarkin kanta. Ya sayo faifan sola biyu da batir, da wani ɗan akwati mai daidaita caji, mai araha, ko sunan kamfani babu a jikinsa. Ya kafe shi a bangon kicin da hannunsa.

Na biyu, wani mai walda ya kama hayar shagon da ke jikin katangarsa. Magidanci ne mai sanyin hali, da mata da 'ya'ya huɗu, kuma wannan ne shagonsa na farko bayan shekara goma yana aiki a ƙarƙashin wani.

Ranar Litinin Mai Eriya ya kunna rediyo, sai ya ji ƙuuuuu, shaaaaa, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Ya murɗa nan, ya murɗa can. Allura ta haye sama ta zauna abinta.

Abin haushin, su suna jin sa, shi ne ba ya jin su. Sai ya kira lamba, mutum yana cikin amsawa, shi kuma ya sake dannawa ya hau kansa da magana. Kwana huɗu ana haka, ɗaya daga cikinsu ya bugo masa waya ya ce, "Yallaɓai, ka ɗan huta, mun ba wani kiran lamba kafin ka gyara."

Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Ya hau rufi da wannan gwiwar tasa ya kwance eriya ya sake ɗaurewa. Ya canza kebul. Ya haƙa rami ya binne sandar tagulla, ya zuba mata gishiri da gawayi, yana ba ta ruwa safe da yamma kamar ya dasa mangwaro. Ƙara tana nan. Ni kaina da na taɓa gyara fanka da cokali, da ya tambaye ni da an wuce wurin, amma bai tambaya ba.

Sai ya sayi littafi ya fara rubuta lokaci. Ƙara tana farawa wajen bakwai da rabi na safe, ta mutu gab da magariba. Ya leƙa ta taga. Mai Walda yana buɗe shago bakwai da rabi, ya rufe gab da magariba.

Ya rufe littafin ya ce, "Na kama ɓarawon."

Matarsa ta ce, "Malam, rana ma ai lokacin take fitowa, lokacin take faɗuwa. Ba ka duba abin nan da ka kafe min a kicin ba? Har wani zuuu yake yi in na matsa kusa."

Ya ce, "Ke da tukunya, ni da waya. Na taɓa shigo miki kicin na ce gishiri ya yi yawa?"

Ta ce, "Kullum."

Bai tsaya ba, ya zari hula ya fita.

Ya tarar da Mai Walda a tsugune yana haɗa ƙofa. Mutumin ya ɗaga gilashin fuska ya ce, "Baba, barka da fitowa. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Injinka ya toshe min iska."

"Iska kuma, Baba?"

Ya ja shi har ɗakin rediyo ya kunna masa. Mai Walda ya saurara da kyau, ya ce, "Baba, ni ban san rediyo ba. Amma walda ɗanawa ake yi a ɗaga, a ɗana a ɗaga. Wannan kuwa ba ta yankewa. Kuma ga ni tsaye a gabanka, wa ke waldar?"

Mai Eriya ya ce, "Ka kashe injin kafin ka taho?"

"Ban kashe ba."

"To ka gani."

Mai Walda ya ce shi ke nan, daga gobe zai riƙa kashe injin daga goma zuwa sha ɗaya. Kuma ya cika. Kullum ƙarfe goma zai zare soket, ya zauna a kan benci yana kankare tsatsa, masu kawo aiki suna jira suna tsaki.

Ƙara ba ta ko ragu ba.

Mai Walda ya zo ya ce, "Baba, ka ga na kashe."

Mai Eriya ya ce, "Ko ka kashe, injin nan numfashi yake yi. Wutar da ya sha tun safe ita yake fitarwa. Wannan ilimi ne, ba za ka gane ba."

Jama'a, ni ban yi boko mai nisa ba, amma ban taɓa jin inji da huhu ba.

Daga nan ya bi layi yana ba da labari. Ya ce wa mai shayi injin waldar nan zai ƙona masa firij. Ya ce wa tela shi ya sa kekensa ke tsinka zare. Wata tsohuwa ta ce talabijin ɗinta na yin layi-layi, ya ce ai ga dalili nan a jikin katangata. Talabijin ɗin da ta girmi Mai Walda.

Ƙarshe ya ciro lasisin daga bango, da firam ɗin da komai, ya tafi wurin mai shagunan da ya ba Mai Walda haya. Shi kuma mutum ne mai tsoron takarda, in ya ga hatimi jikinsa rawa yake yi.

Mai Eriya ya dangwara masa firam a cinya ya ce, "Ka ga wannan? Hukuma ce ta ba ni iska. Duk wanda ya tare ta ya taka doka, da shi da wanda ya ba shi haya."

Mai shagunan ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Ni ba na son rigima." A ranar ya ce wa Mai Walda ya tashi ƙarshen wata.

Da yamma Mai Walda ya yi sallama a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, nan ne abincin yarana. In akwai abin da zan saya in ɗaura wa injin, ka faɗa min. In kwana biyu kake so in rufe gaba ɗaya ka gwada, zan rufe."

Mai Eriya ya ce, "Na gama gwaji. Ga littafi."

Matarsa tana bayan labule ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka bar shi ya rufe ɗin ka gani."

Ya ce, "Da ke nake magana?"

Ƙarshen wata ya zo. Aka ɗora injin a kan amalanke, da ƙarafa, da rabin ƙofar wani da ba a gama ba. Mai Walda ya ɗaga masa hannu ya ce, "Baba, a yafe mu." Shi kuwa yana tsaye a ƙofa ya goya hannu a baya kamar wanda ya ci yaƙi.

Washegari ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ce a kawo masa shayi ɗakin rediyo. Goma saura biyar ya gyara zama ya kunna.

Ƙuuuuu. Shaaaaa.

Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya leƙa taga. Shago a rufe da kwaɗo, ko ƙusa babu a ƙofar. Ya dawo ya zauna, gumi yana bin wuyan farar rigar. Har ya fara tunanin ko numfashin ne bai gama fita daga layin ba.

Yana cikin haka sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Muryar wani tsoho ta fito tas, kamar yana zaune a gefensa, yana ba da labarin gwiwarsa.

Mai Eriya ya miƙe. Ya ce, "Ke, me kika taɓa?"

Daga kicin ta ce, "Akwatinka na kashe. Ya yi zafi, kuma zuuu ɗin nan ya ishe ni."

"Kunna."

Ta kunna. Ƙuuuuu.

"Kashe."

Ta kashe. Ga tsoho da gwiwarsa.

"Kunna."

Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Sau nawa za a kunna kafin ya zama laifin Mai Walda?"

Ashe in rana ta bugi faifan ne ɗan akwatin yake fara aiki, yana watsa ƙazantar ƙara a wayoyin gidan, eriya kuma tana kwasa. Rana ta faɗi, ya yi shiru. Wata biyu yana farautar ɓarawo, ɓarawon yana kafe a bangon kicin da ƙusoshin da shi ya buga.

Ya ce, a hankali, "Ba sai kowa ya ji ba."

Ta ce, "Ni ba zan faɗa ba. Amma yau yaran can me za su ci?"

Shayin ya huce a wurin. Ya sa takalmi ya tafi wurin mai shagunan, ya ce a dawo da mutumin, kuskure aka yi. Mai shagunan ya ce, "Ai na ba wani tun jiya. Mai cajin waya ne, ba ya ƙara ko kaɗan, za ka ji daɗinsa."

Mai Eriya ya dafe kai. Caja ɗari biyu masu araha a jikin katangarsa, kowace ƙanwar akwatin kicin ce.

Sai da ya yi tambaya wuri uku kafin ya gano inda Mai Walda yake. Ya same shi a tsakar gidan yayansa, an lulluɓe injin da leda, shi kuma yana zaune a kan bokiti. Gidan ko wutar da za ta ja injin babu.

Mai Walda ya miƙe ya ba shi bokitin. Ya ce, "Baba, ko har nan numfashin yake kai maka?"

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi.

Mai Eriya ya buɗe baki zai fara bayani, irin na awa biyun nan. Ya kasa. Ya ce, "Ba kai ba ne. Ni ne. Ka yafe min."

Mai Walda ya ce, "Na yafe. Amma yafiya ba ta da soket, Baba."

Da Mai Eriya ya koma gida ya faɗa wa matarsa, ta ce, "Garejin nan da ka cika da matattun rediyo tun ina amarya, ƙofarsa ba titi take kallo ba?"

Ya ce, "Kayan aiki ne."

Ta ce, "Ɓeraye ne kaɗai ke aiki a ciki."

Kwana biyu yana kwashe tarkace, yana ɗaga kowane yana shafawa kamar za a binne shi. Ya koma ya ce wa Mai Walda ya zo ya shiga, ba haya sai ya tsaya da ƙafarsa.

Mai Walda ya ce, "Zan zo. Amma abin da ka faɗa wa mai shayi da tela da tsohuwar nan, kai za ka je ka kwashe shi da bakinka. In ba haka ba ko na buɗe ba mai kawo min aiki."

Haka aka yi. Injiniya guda, ƙofa ƙofa, yana cewa ni ne na yi kuskure. Mai shayi sai da ya sa ya maimaita, wai bai ji ba, iska ta toshe.

Yanzu ya canza akwatin kicin, wannan karon ya kira masu haɗawa. Ƙarar can ta tafi. Amma ga mai caji a hagu, ga walda a cikin gidansa. Ƙarfe goma in ya kunna, yana jin mutanensa sama-sama, tsakanin zzzt da zzzt. Kiran lamba bai dawo hannunsa ba. Yakan kara kunne a jikin akwatin, ya jira a zo kansa, ya ce yana nan lafiya, ya saki maɓalli.

Rannan Mai Walda ya leƙo ya ce, "Baba, goma ta yi, in kashe?"

Mai Eriya ya kalli rediyo, ya kalli layin masu jiran aiki a ƙofar gareji. Ya ce, "Yi aikinka. Wannan ƙarar ni na sayo ta."

Darasi: Kafin ka nuna maƙwabci da yatsa, shiga kicin ɗinka ka kashe naka akwatin tukuna. Ilimin da ya hana ka sauraron matarka da wanda ka raina ba ilimi ba ne, taurin kai ne ya sa farar riga. Kuma in ka ɓata wa mutum hanyar abincinsa, "yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba, sai ka gyara da hannunka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman injiniyan gidanku. Kowane gida da nasa, in ka duba ba ka gan shi ba, to kai ne.